Jirgin Teku a Zawan

Daga nan zuwa teku tafiyar kwana biyu ce a mota,
amma ga jirginta a bayan gidanmu,
tsakanin shingen ƙerana da kunyoyin dankali,
hancinsa na kallon tafkin da masu haƙar kuza suka bari.

Babana, Da Dalyop, shi ya saye shi a gwanjo
da kuɗin sallamarsa daga sojan ruwa.
Tirela biyu suka hawo da shi tudun nan,
fukafukai daban, gangar jiki daban,
kamar raƙumin da mahauta suka gama da shi.
Mama ta yi wata guda ba ta ce masa ina kwana ba.
Kuɗin ɗaki huɗu ne, in ji ta, har da kwano,
ka je ka sayo tsuntsun da ba ya ƙwai.

Bai taɓa tuƙa shi ba.
Shekara ashirin da uku yana kwance ƙarƙashin cikinsa
da sifana a hannu, giris har gwiwar hannu,
yana gane tarinsa tun bai ɓullo daga gajimare ba.
Wasu ne suka ga teku daga sama.
Shi a jikin ƙarfe yake ganinta,
gishiri fari-fari da za a goge da tsumma
kafin jirgin ya koma sintiri.

Kowace Asabar, kafin raɓa ta bushe,
sai ya dafa farfela da hannu biyu
ya juya ta sau goma sha biyu, yana nishi.
Na tambaye shi dalili.
Ya ce, kada inji ya manta.

Ya manta da me, Baba? Ba mai, ba hanya,
tayoyi sun nutse cikin jar ƙasa.
Ya ce, riƙe min tsanin nan.

Bara da damina muka binne shi.
Tun daga nan ƙanƙara ta yi wa fiffiken hagu zanen ƙyanda,
zuma ta kama gida a wutsiya,
ƙadangare na zaune a kujerar matuƙi
yana gyaɗa kai ga allurai da suka tsaya cak.
Hoton angar da ke gefensa ya koɗe,
yaran unguwa na cewa ƙugiya ce ta kamun kifi.
In iska ta taso daga wajen tafki da dare
takan shiga ta tagar da ta fashe, ta fita ta wata,
har ka ji wani gurnani mai zuwa yana komawa.
Ban taɓa zuwa bakin teku ba.
Ina jin haka take yi.

Shekaranjiya Alhaji Tanimu ya zo daga Dilimi
da sikeli a bayan a-kori-kura.
Ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin jirgin da ɗan makulli,
ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.
Sanholo mai kyau ne, ya ce,
tukunya ɗari uku za ta fito, har da ludaya.
Ya faɗi kuɗi. Ɗaki huɗu ne cif, har da kwano.

Na dubi Mama.
Tana kwashe barkonon da ta shanya a fiffiken dama,
ba ta ko ɗago kai ba.
Ta ce, a gaida gida, Alhaji, akwai zuma a ciki,
ba a tashin baƙo da damina.

Yau Asabar.
Na fito da sassafe ɗebo ruwa,
sai na ga tsani a jingine,
zani ɗaure tamau a ƙugu, takalma a ƙasa,
tana tura farfela da kafaɗa,
tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa da Berom.
Ta kai bakwai, ta tsaya tana haki.

Ta ce, kin tsaya kallo?
Riƙe min tsanin nan.